Malam Zenel Braho, Wanda Ya Haƙa wa Ubana Kabari

Daga Allah muke, kuma komai daren daɗewa gare Shi za mu koma. Da hantsin ranar Talata, sha biyu ga Nuwamban 2024, ina tsakar gida ina tsintar zaitun ɗin da aka kaɗo, sai waya ta yi ƙara. Brikena ce daga Tirana, babban birnin ƙasarmu, 'yar Malam Zenel Braho. Ba ta ja zance ba, ta ce, "Kawu Fatmir, Baba ya tafi." Na ce ina kuma ya tafi cikin wannan sanyi da wannan ƙirjin nasa? Sai na ji kukanta, na gane. Na kifa kwando na zauna a kai. Ya cika yana da shekara tamanin da huɗu, ciwon huhun da ya daɗe yana fama da shi ne ya zama sanadi.

Malam, jaridu sun yi ta rubutu a kanka a makon nan. Sun kira ka masanin falsafar siyasa, sun kira ka tsohon fursuna, sun jera littattafanka. Wasu daga cikin masu rubutun na san su sarai, lokacin da kake tsare ko sunanka ba sa iya furtawa sai sun waiwaya, yau kuwa kowa aminin Malam ne. Allah Ya kyauta. Ni ba zan shiga sahunsu ba, abin da na sani kawai zan faɗa. Ni ne Fatmir ɗan Riza Sinjari na ƙauyen Dushkar, ɗan gidan da aka yi shekaru ba mai taka ƙofarsa. Mahaifina bai taɓa jin tsoron mutuwa ba, tsoronsa ɗaya ne tak: wa zai haƙa masa kabari. A ƙauyenmu jinin mamaci ba ya taɓa diga, ba a kuma ɗora tukunya a gidan rasuwa sai dai gahawar baƙi. Haƙa da ɗaukar gawa da ciyar da masu makoki duk aikin maƙwabta ne. Wanda ɗansa na cikinsa ya haƙa wa kabari, an shaida ke nan ba shi da mutane, ya yi mutuwar kare. Da wannan tsoron mahaifina yake kwana yake tashi, kuma a kan wannan tsoron na san ko wane ne kai.

Amma bari in fara da Malam ɗin da ɗalibai suka sani. Bayan faɗuwar mulkin jam'iyya ɗaya na ƙarasa karatun da aka tsayar mini, na samu na shiga jami'ar da aka mayar da kai koyarwa ina dab da shekara arba'in, na zauna cikin yaran da na isa in haifa, suna ce mini Kawu suna aron alƙalamina ba sa mayarwa. Ranar farko ka shigo aji ka ce kowa ya miƙe, muka miƙe. Ka ce a zauna, muka zauna. Ka sake cewa a miƙe, muka sake miƙewa kamar tumaki. Sannan ka buɗe kwat ɗinka ka juya aljihunanka waje, ka ce, "Ku duba, bindiga gare ni? To me ya tashe ku?" Ka ce ikon da kake da shi a ɗakin nan aro ne, mu muka ara maka, kuma ranar da muka haɗa baki muna iya karɓe abinmu. Ka ce ƙarfi daban, iko daban. Mai bindiga yana iya sa mutum ya durƙusa, amma duk mai mulkin da ya kai matsayin da ba a jin maganarsa sai ya nuna bindiga, ikonsa ya riga ya tsiyaye, saura tsoratarwa.

Kana yawan raba mana azzalumi na gargajiya da irin mulkin da muka gani da idonmu. Ka ce azzalumi na gargajiya akuyarka yake so da shirunka, in ka ba shi sai ya ƙyale ka ka koma gida ku zage shi kai da matarka har ku gaji. Namu kuwa shiru bai ishe shi ba, sai ka yi tafi. Gidanka bai tsira ba, so yake ya zauna tsakaninka da matarka, ya sa ka ji tsoron wanda ya ara maka gishiri jiya. Ba ya samun barci sai ya ga kowa ya zama shi kaɗai, domin mutumin da ke shi kaɗai ba ya iya gwada tunaninsa da na kowa, a ƙarshe har idonsa yakan daina yarda da shi. Wata rana wani ɗalibi mai son a san ya yi karatu ya ce 'yanci a zuciya yake, ko a kurkuku mutum yana iya zama ɗa. Ka yi dariya har tarin nan naka ya taso, ka ce, "Ɗana, ni na yi kurkukun. Abin da ke cikin zuciya sunansa haƙuri, kuma yana da amfani. 'Yanci kuwa sai a bainar jama'a, ka fara abin da ba wanda ya sa ka, ba wanda ya zata, wasu su gani."

A shekarar nan ce kuma ɗalibai suka taso wata yarinya gaba, suka ce ba za su zauna aji ɗaya da ita ba saboda ubanta jami'in tsaron asiri ne a da. Kowa ya ɗauka kai ne za ka fara goya musu baya, tunda irin uban nata ne suka ci maka shekaru. Ka tsaya a bakin ƙofa ka ce, "Wato laifin uba za ku shafa wa 'ya? Na san masu wannan sana'a, ban san sun bar almajirai ba." Ka ja kujera ka zaunar da ita a layin gaba. Ni da nake zaune a baya na san daga inda wannan magana ta fito, domin na san ɗanɗanon laifin da ba kai ka yi ba.

Ina ɗan shekara bakwai ƙanen mahaifina ya tsallaka iyaka ya gudu Girka. Tun daga ranar aka ce tarihin gidanmu ya yi tabo. Ba a kore mu ba, ba a daki kowa ba, mutane ne kawai suka daina ganinmu. A gonar gama-kai inda kowa ke aiki, in mun zauna cin gurasar masara da rana sai a bar mana inuwa guda mu kaɗai. Ba a gayyatar mu biki, ba a zuwa namu. Makaranta ta tsaya mini a aji takwas. Wanda ya fi yi wa mahaifina ciwo shi ne Kawu Selfo, maƙwabcinmu katanga ɗaya, makiyayin tumakin gonar. Shi ya yi mini askin fari ina jariri, wanda a wurinmu zumunci ne da ba ya yankewa. Mutumin nan in ya hango mahaifina a hanya sai ya sunkuya yana gyara takalmin da ba abin da ya same shi.

A 1975 aka turo ka makarantar ƙauyenmu daga jami'a, kai da matarka Meliha. An ce tambaya ka yi a wani taro, tambayar da ba a shirya mata amsa ba, shi ne aka ga ya kamata ka zo ka sha iskar tsauni ka koya wa yara lissafi. Ba ka yi mako ba ka gamu da mahaifina a gaban kantin gwamnati, mutane cike a layin man fitila. Ka ɗaga hannu ka ce, "Barka da asuba, Kawu Riza, an tashi lafiya?" Wallahi mahaifina sai ya waiwaya bayansa yana neman wanda ake gaisarwa. Aka yi maka uzuri, aka ce baƙo ne, bai san gari ba. Gwaggo Naze, matar Selfo, ta tare Meliha a bakin famfo ta raɗa mata, "'Yar nan, ja wa mijinki kunne, gidan can ba a gaishe su. Ni dai ban faɗa miki komai ba." Washegari ka sake gaishe shi, wannan karon da muryar da har kurman ƙauyen sai da ya juyo.

Sakataren jam'iyya na ƙauyen, Kwamared Sulo, ya kira ka ofis. Tagarsa a buɗe take, don haka kafin azahar kowa ya haddace abin da aka faɗa.

"Kwamared malam, ka san tarihin gidan Sinjari kuwa?"

"Na sani, Kwamared Sulo. Taimaka ka nuna mini dokar da ta hana gaisuwa, in karanta wa yara a aji kada su ma su faɗa cikin kuskure."

"Ai ba komai ake rubutawa ba. Mai hankali yakan gane da kansa."

"To ka yi haƙuri da ni, a Tirana ma rashin ganewar nan ce ta sa aka turo ni."

Ba zan ɓoye ba, Malam, taurin kanka ya jawo mana ido. An ɗauke mahaifina daga aikin zaitun aka mayar da shi kwasar taki. Ranar wata Lahadi ana aikin sa-kai, irin sa-kan da in ba ka je ba ka shiga uku, muna sare gefen tsauni muna yin kunyoyi, ka matso kusa da ni. Lokacin ina saurayi mai shekara ashirin da 'yan kai, zuciya a wuya. Ka ce, "Fatmir, 'yan sanda nawa ne a ƙauyen nan?" Na ce ɗaya, shi ma jefi-jefi yake zuwa a kan keke. Ka ce, "To wa ke gadin ƙofarku dare da rana?" Na ci gaba da sara. Ka ce, "Mu ne. Kyauta muke yi musu, ko na gode ba sa ce mana." Na jefar da shebur na ce, "Malam, kai gobe ana iya yafe maka a mayar da kai birni, mu a nan za mu ruɓe. Don Allah ka riƙe gaisuwarka, ta fi ƙarfinmu." Ka ce gaskiyata ce, za ka tambayi mai gaisuwar. Ka tambayi mahaifina, shi kuwa ya ce a bar masa gaisuwarsa, in ya so a kai shi kwasar abin da ya fi taki wari.

Cikin sanyin 1979 ciwo ya kwantar da shi. Ba ya maganar ciwon, maganar kabari yake yi. Yakan kalli rufin ɗaki ya ce rabin maƙabartar Dushkar da hannunsa ya haƙa ta, uban Selfo shi ya haƙa masa, uwar Sulo ma haka, cikin ruwan sama kuwa. Da ya ga abin ya matso ya kama hannuna ya ce, "Fatmir, ko zan kwana uku a ɗakin nan har in fara wari, kada ka taɓa diga. Ka yi mini alkawari." Na yi masa. Na yi ne don ya samu ya runtsa, amma ni kaina ban san yadda zan cika shi ba.

Ya cika da safe a watan Fabrairu. Mahaifiyata, Inna Nadire, ta wangale ƙofar gida kamar yadda ake yi, ta shimfiɗa darduma a ɗakin baƙi, ta jera matasai, ta fito da 'yar gahawar da ta yi shekaru tana ɓoyo don wannan rana ta soya ta daka. Sannan ta zauna a kan gawa ta ɗauko kukan mutuwa. A wurinmu mace ɗaya ba ta yin wannan kuka, ɗaya ce ke ɗaukowa sauran mata su amsa. Ran nan Inna ta ɗauko, ta tsaya inda ake amsawa, ba kowa. Ta sake ɗaukowa, ta sake tsayawa. Har in mutu ba zan manta da shirun da ke tsakanin baitocin nan ba. Na san duk ƙauyen na ji, domin ko kaza ba ta yi motsi ba.

Na haɗa akwati da katakan da na ɓamɓaro daga rumbu. Rana ta take tsaka, ba wanda ya leƙo. Na je bayan ɗaki na ɗauko diga, Inna ta tare ƙofa da jikinta ta ce sai dai in taka ta in wuce. Muna cikin haka muka ji takun takalmi a kan duwatsun tsakar gida. Kai ne, Malam, cikin baƙar kwat ɗinka ta birni da laktaye, ka sallami yara ka taho. Ka shiga ɗakin baƙi ka zauna a kan matashi kai kaɗai, ka ce, "Allah Ya raya na baya, ku daɗe kuna tunawa da shi." A shekarun nan an mayar da masallacinmu rumbun hatsi, ambaton Allah da ƙarfi laifi ne, amma ka ambata. Inna ta kawo maka finjalin gahawa, ka shanye ba gaggawa, ka ajiye, ka miƙo mini hannu ka ce, "Ba ni digar nan, ba taka ba ce."

Akwai hanyar bayan gari da ke zuwa maƙabarta, ba ka bi ta ba. Ka saɓa diga a kafaɗa ka ratsa tsakiyar ƙauye, ta gaban kanti, ta gaban ofis, laktaye na lilo. Na bi ka daga nesa don in nuna maka wuri. To a nan fa, Malam, Allah Ya gafarta maka, ban taɓa ganin mugun mahaƙi irinka ba. Ƙasar maƙabartarmu dutse ce, kai kuwa kana dukan ta kamar mai kashe maciji. Kafin ka yi nisa tafin hannunka ya ɗuri ruwa ya fashe. Abin da ya fi muni, ka ja ramin a karkace. Mamacinmu fuskarsa dutsen Tomorr take kallo, haka ake faɗa a lokacin tunda ba a iya cewa alƙibla, kai kuwa ka nufi ofishin jam'iyya da shi. Ni alkawari ya ɗaure ni, ko taɓa ƙasar ba zan yi ba.

Kawu Selfo yana can bayan katangar maƙabarta da tumakinsa. Tun safe yake wurin, a inda babu ciyawar da za ta ƙosar da ko ɗan rago ɗaya. Kana haƙa kana magana da ƙarfi, wai da ni kake, "Fatmir, haka ake yi ko? Ina ganin ya yi kyau." Selfo ya yi gyaran murya, ya yi tsaki, ya juya baya, ya sake juyowa. Can ya kasa haƙuri ya daka tsawa, "Kai malam! Kabari kake haƙawa ko kwatar ruwa? Ina ka taɓa ganin an kwantar da mutum haka?" Ka share gumi ka ce, "Kawu Selfo, ni ɗan birni ne, abin da na iya ke nan." Ya tsallako katanga ya fizge digar yana faɗa don kowa ya ji, "Ni ba don kowa na zo ba, ɓarnar malamin makaranta na zo gyarawa, kada ya lalata mana maƙabarta!" Ya dira cikin ramin yana duka yana zagin 'yan birni, hawaye na bin gemunsa.

Daga nan aka fara zuwa ɗai-ɗai, kowa da hujjarsa a baki. Wannan ya ce sheburinsa ya zo karɓa wurin Selfo, wancan ya ce kabarin kakarsa ya zo dubawa. Wani ma cewa ya yi tunkiya ce ta ɓace masa, alhali bai taɓa mallakar tunkiya ba. Kowa ya zo sai ya karɓi shebur ya yi nasa. Da muka koma gida na tarar Meliha ta ratso ƙauye da tukunyar wake a hannu, goye da Brikena, Gwaggo Naze kuma ta shigo da gurasa a ƙarƙashin zane tana cewa ita dai hanya ce ta biyo da ita. Inna ta sake ɗauko kuka, wannan karon aka amsa mata. Fiye da shekara talatin ina tambayar ka ko da gangan ka karkata ramin nan, ba ka taɓa ba ni amsa ba. Iyaka ka ce mai tsoro ba ya rasa zuciya, ƙofar fita yake rasawa.

Aka ɗauki mahaifina a kafaɗa, ana karɓa-karɓa yadda aka saba, wannan ya yi 'yan taku ya ba wancan. Dole mu bi ta gaban ofis, Kwamared Sulo kuwa yana tsaye a bakin ƙofa. Al'ada ce in gawa za ta wuce namiji ya cire hula. Ya kalli akwatin, ya kalli fuskokin da ke ƙarƙashinsa, duk mutanen da jiya ko tari ba sa yi sai ya yarda. Ba wanda ya sunkuyar da kai. Sai ya cire hular ya shiga sosa ƙeya, yana ta sosawa har muka wuce. Duk abin da ka koyar a jami'a daga baya game da iko, ni a wannan hanya na fara ganinsa da idona: ya tashi daga ofis ya dawo ƙarƙashin akwatin wani tsoho mai kwasar taki. An binne mahaifina fuskarsa na kallon inda ya kamata, kuma hannuna bai taɓa diga ba.

Ba a iya hukunta ƙauye guda, don haka aka nemi mutum ɗaya. Kafin bazara aka tara jama'a a farfajiyar makaranta, baƙi suka zo daga gunduma, aka tsayar da kai a gaba. Aka ce ka yi farfaganda, ka farfaɗo da al'adun baya, ka tausaya wa maƙiyin talakawa. Aka ce wanda ya yarda da laifinka ya ɗaga hannu. Ina tsaye a baya, tunda mai tabo ba shi da hannun da ake ƙirgawa, na ga hannayen nan suna tashi ɗaya bayan ɗaya, hannayen da suka riƙe shebur, har da na Kawu Selfo, kansa a ƙasa. Aka yanke maka shekara goma, ka yi su a ramin haƙar tagulla. A can ka bar yatsu biyu, a can ƙurar da ta kashe ka ta shiga ƙirjinka. Meliha da Brikena aka kai su wani sansani a fadama, inda sauro ya fi mutane yawa. Ba wanda ya nemi shawararsu kafin a ɗauki digar nan. Meliha ta taɓa ce mini, tana dariya amma ba dariya ba ce, "Mijina rami ɗaya ya haƙa, mu uku muka faɗa." Duk wanda zai yabe ka, Malam, ya fara cire mata hula.

Ban sake ganin ka ba sai a bazarar 1991, da hanyoyi suka buɗe. Na same ku a sansanin nan cikin ɗakin laka, na je da tulun man zaitun da maganar da na yi shekaru ina shiryawa. Na ga wani tsoho siriri a bakin ƙofa, sai da ka yi magana na gane ka. Meliha ta kawo gahawa. Duk abin da na shirya ya gudu, sai ɗacin da ke cikina ya fito. Na ce, "Malam, shekara goma saboda gawa! Kuma mutanen da ka fito da su daga ɗakunansu su ne suka ɗaga hannu a kanka. Me aka samu?"

Ka ce, "Na ga hannayen, ai ina wurin. Aron su aka yi ran nan. Ina Inna Nadire?"

Na ce ta rasu shekara biyar bayan an tafi da kai. Ka ajiye finjalin a hankali, ka dube ni, ka ce, "Wa ya haƙa?"

Na ce Kawu Selfo. Tun kafin in aika wa kowa ya shigo ta ƙofar gaba da digarsa a kafaɗa, ya ce in zauna in karɓi gaisuwa. Mutum uku suka bi bayansa. Gwaggo Naze ce ta ɗauko kukan, mata suka cika ɗaki.

"Sulo yana nan lokacin?"

Na ce yana nan daram, mulki ma yana nan da ƙarfinsa.

"Ba wanda ya riga su zuwa? Ba wanda ya ce tunkiya yake nema?"

Na ce babu. Zuwa kawai suka yi.

Ka rufe fuskarka da hannun nan mai yatsu uku, kafaɗunka suka shiga rawa. Meliha ta tsaya da buta a hannu tana kallon ka, daga baya ta gaya mini ba ka yi kuka a kotu ba, ba ka yi ranar da ka dawo ba, sai ran nan. Da ka samu numfashi ka ce, "Ashe dashen ya kama, Fatmir. Shekara goma ina tsammanin ni kaɗai ne."

Ba kai kaɗai ba ne, Malam. Mu ne muka makara wajen gaya maka.

Ya Allah, ga bawanka Zenel ɗan Braho ya zo gare Ka. Ka gafarta masa kura-kuransa, Ka yalwata masa makwanci, Ka haskaka shi, Ka sa wahalar ramin tagulla ta zama kaffara. Ka yi masa rahamar da ya yi wa gidan da ba mai shiga, kada Ka bar shi shi kaɗai a cikin kabarinsa. Ka haɗa shi da Riza da Nadire da Selfo da Naze a gidan da ba a tambayar tarihin kowa sai aikinsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Yaya Meliha, wadda ta ɗauki rabin kayan nan ba tare da an rubuta sunanta a jarida ba, da Brikena da mijinta da 'ya'yanta, da ɗalibansa a duk inda suke, da mutanen Dushkar na gida da na ƙetare. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya na baya. Mu kuma da muka rage, in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani, Ya sa a samu maƙwabcin da zai shigo ta ƙofar gaba. Amin.